Dungun Ottmar

Ottmar Breunig yana ɗan shekara bakwai injin niƙan ubansa ya cinye masa hannun dama. Ran nan uban ya sha giya ya yi tatil, ƙyuya ta hana shi tashi ya datse ruwan da ke juya injin, sai ya sa yaron ya zura hannu ya ciro wani tsumman buhu da ya maƙale. Da maƙwabta suka taru, uban yana kuka yana cewa babu irin hanin da bai yi masa ba. Uwar ta duƙa a kunnen Ottmar ta roƙe shi ya kama bakinsa, don in mai ƙasar da ya ba su hayar injin ya ji gaskiya ƙwace shi zai yi. Yaro ya yi shiru.

Faston ƙauyen mutum ne mai son tsara baituka. Ya mai da abin waƙar gargaɗi, wani mai ɗab'i a birni ya buga ta da hotuna masu launi: ga yaro mai kunnen ƙashi yana yi wa ubansa gwalo, ga jini ja a kan farin gari. Kafin Kirsimeti ta zagayo, littafin ya shiga kowane gida a kwarin.

Da Ottmar ya girma sai ya kama kiwon dinyoyin ƙauye, manyan agwagin nan, aikin da hannu ɗaya ke iyawa. In yaro ya gagari uwarsa, sai ta leƙo ta taga ta kira shi.

"Ottmar, zo ka nuna wa wannan ja'irin abin da rashin ji ke jawowa."

Ya naɗe hannun riga, yaro ya tsala ihu, a sallame shi da guntun burodi ko kwanon miyar dankali. Matarsa Walburga, wadda ya aura bayan mijinta ya mutu, ita kaɗai ya taɓa gaya wa yadda aka yi. Takan ce masa gara su kwana da yunwa da cin wannan burodin, amma in sanyi ya yi tsanani ita ma takan ci.

Da ciwon ajali ya kama uban, Ottmar ya zauna a bakin gadonsa ya roƙe shi ya faɗi gaskiya gaban fasto, ko da a ɗaki ne. Tsohon ya daɗe yana kallonsa, babu alamar ƙarya a idonsa.

"Wace gaskiya kuma, ɗana? Ai na hana ka. Kowa ya sani, har a littafi an rubuta."

Bayan an binne shi, Ottmar ya faɗi komai a mashaya. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce kunya ba ta ishe shi ba, yana yi wa gawa ƙazafi. Daga nan matan suka daina kiransa, wai kada ya ɓata musu 'ya'ya. Dinyoyin ma aka ba wani.

Walburga ce ta riƙe gidan da wankau har ƙirjinta ya gaza ta rasu. Ottmar ya ƙarasa kwanakinsa a gidan gajiyayyu na gunduma, yana ɓare wake da hannun hagu, cikin mutanen da ba su san ko shi wane ne ba.