Sandar Direkta

Shekarata ta biyu ina koyarwa a kwalej a Magariya aka so a kashe mini fiyano ina ji ina gani. Tsoho ne, irin mai tsaye jikin bango, wani malami baƙo ya tafi ya bar shi tun kafin a haife ni. Ni kaɗai na iya taɓa shi a duk lakwal ɗin, wato makarantar, da shi nake koya wa yara waƙa. Matsalar ɗaya ce: bango guda ya raba ɗakinmu da ajin masu jarrabawar ƙarshe.

Ranar wata Alhamis direkta, shugaban makarantar, ya kira ni biro, wato ofishinsa. Yana da wata siririyar sanda mai ƙarfe a baki, ba ya magana sai ya buga ta a tebur. Ya buga, ya ce, "Madam, akwatin nan naki ya hana yara karatu. Zuwa Litinin ko ya rage murya, ko a fitar da shi rumfa."

Rumfa fa! Ga damina ta kunno kai, ga gara. Wata ɗaya ya isa ya zama itacen girki. Raina ya ɓaci har na fita ban yi sallama ba.

Na san fedal ɗin hagu shi ke sassauta sauti, amma tun zuwana in na taka shi sai ya faɗi laƙwas, ba ya yin komai. Na rasa wanda zan nufa sai Kawu, ƙanen mahaifiyata, mai gyaran keken ɗinki a kasuwa. Da na faɗa masa ya yi dariya har da tari.

"Ke dai ba kya rabo da jangwam. Ni da ban taɓa ganinsa ba?"

"Kawu, da ƙafa ake taka shi, kamar kekenka."

"To, in dai ƙafa ke takawa, akwai mai kai saƙo sama. Mu je."

Ranar Asabar da hantsi ya cire allon ƙasan fiyanon, ya kwanta rub da ciki. Ya ce in taka na dama. Wata doguwar sanda ta motsa. Ya ce in taka na hagu. Shiru. Ya nuna mini rami a katakon ƙasa da wani a sama, wajen da ƴan gudumomi masu bugun wayoyi ke jingina.

"Ɗiyata, ba abin da ya lalace. Ɗan aiken ne babu. Irin waccan ce, siririya, da ƙarfe a baki."

Na tsaya ina kallon sandar daman. Wallahi na san ƴar'uwar sandar nan, shekaranjiya aka buga mini ita a tebur!

Direkta yana biro. Na gaishe shi da ladabin da ban taɓa yi masa ba, na roƙi aron sandarsa. Ya ce shi ma a bayan kabad ya tsince ta, shekaru da yawa. Ya biyo ni don ya ga abin da zan yi da ita.

Ta shige ramukan nan cif. Amma aiki bai ƙare ba. Akwai noti mai kunne biyu a kan fedal ɗin. Kawu ya ɗaure shi da yawa, gudumomin suka matso dab da wayoyi, sauti ya shaƙe. Ya sassauta, fedal ya koma wasa. Haka ya dinga juyawa rabi-rabi, ina takawa, yana kasa kunne kamar yadda yake sauraron zare a keke. Da sandar ta fara ƙiƙi-ƙiƙi, ya yanko fatar tsohon takalmi ya sa mata a gindi.

Na ce, "Ranka ya daɗe direkta, don Allah a shiga ajin can a saurara."

Ya tafi. Na danne fedal, na kaɗa waƙar da nake koya wa yara tun daga fari har ƙarshe. Can sai ga shi ya leƙo.

"Madam, ke nake jira. Ki fara mana."

Kawu ya tuntsire da dariya, ni kuwa guɗa ce ta kuɓuce mini a tsakiyar lakwal, ban ji kunyar kowa ba. Direkta ya dubi fiyanon, ya dubi hannunsa da babu sanda, ya tura shi aljihu.

Ranar Litinin da tafin hannu ya tara yara a gindin tuta, tunda sanda ta zauna cikin fiyano. Fiyano kuwa yana nan inda yake, ya ga damina tara bayan wannan.