Fadamar da Aka Ba Mutum Uku

A gidanmu na Nguru, wutar banda ita ce wutar hira. Bayan sallar magariba Kaka Fanna, mahaifiyar babana, takan jera tarwaɗa a kan waya tana juyawa, mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙi yana sa mu hawaye amma ba mai matsawa. Ba ta fara tatsuniya sai kifin farko ya yi ja.

A shekarar da nake aji huɗu, babana da ƙanensa Baffa Modu sun daina gaisawa saboda fadamar da kakanmu ya bari. Babana masunci ne, Baffa manomi, kowanne kuma yana rantsuwa cewa shi marigayin ya ba wurin, baki da baki. Har an fara zancen zuwa gaban alƙali. Wata rana suna zaune a tsakar gida, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, sai Kaka ta fara tatsuniya, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Labarin wani tsoho ne mai 'ya'ya uku da fadama ɗaya. Ya keɓe babban ya ce masa fadama tasa ce. Daga baya ya faɗa wa na tsakiya haka, sannan autan. Da ya rasu, ukun suka haɗu a bakin fadamar, kowa da sandarsa.

Ni kuwa tun ina ƙarami ba na jure maganar da ba ta daidaita ba. Na ce, "Kaka, ashe tsohon maƙaryaci ne."

Ta ce, "Maigidana sarkin gaggawa, ka tambaya a wane wata aka yi kowace magana? Babban a cikin kwalekwale aka gaya masa, ruwa ya shafe ko'ina. Na tsakiya, ruwa ya janye, fartanya tana kafaɗarsa. Autan yana bayan shanunsa, an gama girbi. Nuna mini ƙaryar."

Baffa ya yi gyaran murya ya ce, "Inna, da mu kike."

"Ni da jikokina nake. Kai miƙo mini itace."

Ba a je gaban alƙali ba. Da ruwa ya janye a shekarar, babana ya kwashe tarunsa, Baffa ya shiga ya shuka wake.

Ina jami'a a Gashuwa, a darasin kwatanta addinai, muka karanta yadda aka raba ƙasa tsakanin ƙabilun Bani Isra'ila. An lissafa wasu garuruwa a rabon Yahuza, an sake lissafa su a rabon Saminu. Abokan karatuna suka ce tufka da warwara ce ƙarara. Ba na da'awar cewa Kaka ta warware wa malamai matsalarsu, amma ta koya mini kada in kira magana biyu saɓani sai na tambayi lokacin kowacce da abin da ake nufi da mallaka a cikinta.

Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Bana aka zo auna fadamar domin a ba da takardar mallaka. Babana da Baffa, dukansu da furfura, suka miƙo mini alƙalami tunda ni ne mai boko. Gurbin suna ɗaya ne tak a takardar. Wata biyu ke nan tana cikin jakata, ban cike ta ba.