San Sadakar Alhaji Fuseini

Ban taɓa mantawa da ranar da na hana a fitar da san sadaka daga mayankar da nake aiki a Tamale ba. Shekarata biyu ke nan da fara aikin a lokacin, ina ƙaramin jami'in duba nama, ƙarƙashin Malam Iddirisu.

Aikinmu ba wuya a fahimta. Bayan an feɗe dabba, mu buɗe huhu da hanta mu duba. In lafiya, mu buga hatimi a cinya, nama ya fita. In da cuta, a zuba masa kananzir a binne. Amma akwai wata al'ada da na tarar: dabbar da aka kawo don sadakar mamaci ba a buɗe ta. Hatimi kawai ake bugawa, wai bai dace a tona asirin abin da aka ba Allah ba.

Ranar wata Alhamis Alhaji Fuseini, dattijo cikin mahauta, ya kawo sa don addu'ar arba'in ta mahaifiyarsa a unguwar Choggu. Tun kafin a yanka na ga san yana tari, haƙarƙari duk a waje. Da aka feɗe, na sa wuƙa a huhu. Cike yake da ƙulle-ƙulle farare, har hanta ta kamu. Tarin fuka ne, kuma yana kama mutum.

Na ce ba zan buga ba.

Nan take mahauta suka yanyame ni. Wani ya ce boko ya ci mini kai. Wani ya ce, "Kai ɗan zango ne kuwa, ɗan unguwarmu? Wuta ba ta kashe cuta?" Alhaji kansa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, mata sun ɗora tukunya tun asuba. Me zan gaya musu?"

Wannan ta taɓa ni, don na san mahaifiyarsa. Amma abin da ya ƙona mini rai shi ne Malam Iddirisu, wanda ya koya mini gane wannan cutar da hannunsa. Ya ja ni gefe ya ce, "Buga kawai, a zauna lafiya. Kowa haka yake yi. Kai kaɗai ne mai ido?"

Na miƙa masa hatimin na ce, "Ga shi, Malam, ka buga, ka sa sunanka a takarda." Ya dubi huhun, ya zura hannuwansa a aljihu. Sai na ɗauko kananzir da kaina, na zuba wa naman.

Da awaki biyu aka yi sadakar. Wata uku mahauta ba sa amsa sallamata, Alhaji kuwa har ya bar duniya bai sake kirana ɗansa ba. Malam Iddirisu ya rubuta a rahoton shekara cewa ba na iya zama da mutane, ƙarin girmana ya makara.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku yarda da abin da idonku ya gani, ko da mayanka duka ta ce ba ku gani ba. Masu cewa ku bi jama'a sau da yawa sun san gaskiya, so suke wani ya ɗauki zunubin. Daga baya na gano Malam Iddirisu ya gargaɗi matarsa kada ta sayi nama sai ranar da nake bakin aiki.