Ranar da Baba ya dasa albasa a iska

Shekarun baya, wasu masu bincike daga jami'a suka zo Bodinga, suka ɗauke ni tafinta. Suna nazarin yadda manomi ke motsa jikinsa wurin aiki. Sukan ɗaura wa mutum wani tabarau mai kama da ɗan akwati, su ba shi abin riƙewa a kowane hannu. Sai ya ga gona a gabansa, kwamfuta kuma tana bin sunkuyonsa da miƙewarsa.

Ni da rawar kaina na je Dingyadi na lallashi mahaifina, don a ga tsohona ma ya waye. Da muka iso wurin aikin, ya ce, "In an gama, wa zai gan ni?"

Malamar da ke jagorantar aikin ta nuna masa kwamfutar. Babu fuska, babu suna, sai ɗigo-ɗigo masu motsi. Na fassara masa, har na ƙara da rantsuwa.

Aka ɗaura masa. Ya yi bismilla, ya duƙa a kan siminti yana dashen albasar da shi kaɗai ke gani, har yana faɗa wai kwamin shukar nan ruwa bai ishe shi ba. Dariya ta kama ni. Na zaro waya na ɗauka, na tura wa abokina mutum ɗaya.

Kafin sati, bidiyon ya zaga har Shagari. Baba ya kai albasa kasuwa, wani dillali ya ɗaga murya, "Alhaji, wagga ta ƙasa ce ko ta iska?" Aka kwashe da dariya. Dattawan ƙauyenmu da suka yi niyyar zuwa wurin masu binciken duk suka fasa. Malamar ta sallame ni, ban ga laifinta ba.

Na je na durƙusa gaban Baba ina jiran faɗa. Bai yi ba. Cewa ya yi, "Baƙin sun riƙe amana. Na ɗauka idona rufe, kai za ka tsare min baya."

Ya yafe min tun a ranar. Amma daga nan ƙanensa ke kai masa kaya kasuwa, har Allah ya karɓi ransa.

Na goge bidiyon tuntuni. Bara, a cikin bas, wani da bai san ni ba ya miƙo min wayarsa yana dariya, ya ce in kalli wani tsoho. Na kalla har ƙarshe, don rabona da jin muryar Baba shekara biyu ke nan.