Littafin Ƙarƙashin Bene

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Safar, bayan sallar Azahar, aka bugo mini waya cewa Allah Ya karɓi ranki bayan jinyar kwana tara. Maigidana yana zaune a tabarma yana matsa ƙwallon robar da kika ba shi. Da na faɗa masa, sai ya ajiye ƙwallon, ya juya fuskarsa bango.

A takarda ke ce jami'ar gashin ƙashi da motsa jiki ta asibitinmu. Mu kuwa masu kawo marasa lafiya, Anti Ƙara-Ɗaya muka sani, domin duk wanda ya ce miki ya gaji, amsar ɗaya ce: "To na ji, ƙara ɗaya."

Shekara biyu ke nan da na fara turo miki maigidana a keke, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Tela ne, shekara talatin yana riƙe da almakashi, ga shi cokali ya gagare shi. Ba ki yi masa dogon jaje ba. Tsohuwar riga kika ajiye masa a cinya kika ce, "Malam Tela, mutum nawa ka ɗinka wa maɓalli? Yau naka za ka ɓalla, in ka ƙi in tara kwastomominka su zo kallo." Ranar ce ya fara dariya tun da ya kwanta, da rabin baki.

A lokacin sashenku yana ƙasa, dab da ƙofar shiga. Sai aka ce za a yi fenti, a koma hawa na biyu na mako uku. Na'urar hawa benen kuwa ta daɗe da mutuwa. Matattakala arba'in da biyu ce, na ƙirga, domin sau biyu ni da ƙaninsa muka ciccibe shi muka hau. A na biyun muka kusa faɗowa mu uku.

Ke ce kika sauko. Kika sa aka jawo benci biyu ƙarƙashin benen, ƙarfen matattakala ya zama abin dafawa, kina durƙusawa a siminti kina miƙar da ƙafafun mutane. Amma rajistar asibiti tana sama a teburin akawu, kuma dokarsu ita ce sai wanda ya hau ya sa hannu ake ƙirgawa. Wanda bai sa ba sau uku, a soke sunansa, a rubuta ya daina zuwa. Haka aka soke maigidana alhali duk Litinin da Alhamis yana hannunki. Da kika ga haka, kika sayi littafi mai baƙin bango, kina rubuta kowa: suna, rana, da abin da ya iya yau wanda jiya bai iya ba.

An karantar da mu tun muna riƙe da allo cewa wani zaton zunubi ne, kuma ina tsoron in tsaya gaban Allah da haƙƙin wani a wuyana. Saboda haka ba zan ce ga abin da ke zuciyar kowa ba. Rasuwarki kuma ajali ne, ban ɗora wa kowa ba. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Mako uku ya zama shekara biyu, ban ga gwangwanin fenti ko ɗaya ba. Ɗakinku na ƙasa na ga an sa masa labule da kujerun ofis. Kwana uku da rufe ki aka manna takarda a bango, wai za a haɗe sashen gashi da na wani asibiti mai nisa, saboda masu zuwa ba sa wuce goma sha ɗaya a wata. Takardar tana ɗauke da kwanan wata na tun kina kwance da ranki.

Sannan wani daga ofis ya zo gaisuwa gidanki. Bai ko taɓa ruwan da aka kawo masa ba, ya ja babbar 'yarki gefe. Ina kusa, na ji. "Akwai wani littafi mai baƙin bango, kayan asibiti ne, a duba mana." Ta ce ba ta san inda yake ba, kuma gaskiya ta faɗa. Ni dai ban taɓa ganin mutumin nan ƙarƙashin bene ba. Wa ya faɗa masa launin bangon? Kuma in goma sha ɗaya ne mu, me zai yi da shi?

Littafin yana wurina. Ke kika ciro shi daga ƙarƙashin matashi ranar da na je duba ki, kika ce, "Yaya, riƙe mini, kada ki ba wanda zai sa shi a durowa." Na ƙirga sunayen watan da ya wuce: mutum tamanin da bakwai. Da mutumin ya tambaye ni, da ba zan yi masa ƙarya ba, kuma da ba zan ba shi ba. Na rubuta a nan don kowa ya sani. Na kwafe shi da hannuna, iyalan marasa lafiya ma sun kwafa. Ranar Alhamis shugabannin asibiti za su zauna a kan maganar. Za mu kawo mutanen da ke cikinsa, a keke da kan sanda, mu jera su ƙarƙashin bene. Mai son ƙirga mu ya sauko.

Ranar jana'izarki maigidana ya ce kada in taɓa masa riga. Ya ɓalla maɓalli biyu, na ukun ya ƙi. Ina tsaye na ji yana faɗa wa kansa a hankali, "Ƙara ɗaya."

Ya Allah, Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta. Ta durƙusa don bayinKa su miƙe, Ka tabbatar da ƙafafunta ranar da ƙafafu ke zamewa. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarta, da mijinta, da 'ya'yanta huɗu, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni kuma, in na munana zato ga wani, Allah Ya yafe mini. In ban munana ba, Allah Ya isar wa mutum tamanin da bakwai. Amin.