Isa na Isa Ya Samu Takardar Zama

Karo na ukku ke nan ma'aikacin ofishin baƙi a Abidjan yana turo mani fom ɗina baya. Wurin suna na rubuta Isa, wurin garin haihuwa ma Isa. Shi a ganinshi ban gane tambayar ba.

Damina biyu gero na ƙonewa a gonarmu, shi ya sa na fito in kafa tukubar tsire. In ba takardar zama ba rumfa, kuma mai rumfar ya ce ran Juma'a zai ba wani.

Sai wata ma'aikaciya a teburin gefe ta leƙo, ta ce da Hausa, "Malam, wace Isa? Ta kusa da Sabon Birni?"

Na ce, "Ita fa, Hajiya."

Ta ce, "Kakata 'yar garin Bafarawa ce, nan kusa da Isa."

Ta juya ta yi mashi bayani da Faransanci. Ya yi dariya har da dukan tebur, ya buga hatimi.

Jama'a, takardar zama ta fito. Gobe za ni hura wuta, kuma sunan da ya kusa hana ni rumfa shi za ni rubuta a allonta: Isa na Isa.

Ku wa ya taɓa tsaya maku a ƙasar da ba ku san kowa ba?