Yammacin da Inna Ta Ga Baba a Talabijin

Abubuwa da yawa sun same mu a shekarun nan waɗanda na roƙi Allah ya mantar da ni, kuma wasu ya mantar. Amma yammacin da mahaifiyata ta ga mahaifina a talabijin, wannan kam ba zai fita raina ba har in koma ga Allah.

Mu mutanen wani ƙauye ne a gefen Dogon Dawa. Baba manomi ne, masara da dawa yake yi. Wata damina ya tafi gona da safe bai dawo ba. Masu gonakin kusa suka ce sun ga ’yan bindiga a kan babura sun tasa shi gaba sun shiga daji. Muka yi ta jiran a kira mu a waya kamar yadda ake yi wa wasu, shiru. Ba gawa, ba saƙo. Da abin ya tsananta garin ya watse, sai na ɗauko Inna muka koma cikin Birnin Gwari, inda nake ɗinki a bakin kasuwa. Muka kama ɗaki a gidan wata dattijuwa ’yar Gbagyi, Kirista, mai kirki ƙwarai. Tana da talabijin, kuma da yamma takan kira Inna su zauna tare don kada tunani ya cinye ta.

Inna ba ta taɓa yarda a yi zaman makoki ba. Ko zancen me ake yi, sai ta ce a bari sai Malam, wato Baba, ya dawo.

Sama da shekara ta wuce, kaka ta shigo. Na dawo daga shago bayan magariba, na tarar da Inna a tsakar gida ba mayafi, tana dariya hawaye na zuba. Ta riƙe mini hannu.

“Na ga babanka. Yana gona, yana girbin masara.”

Matar gidan ta ce ita ba ta san shi ba, amma tana gani Inna ta durƙusa a gaban akwatin tana shafa gilashin. A cikin labarai ne, wai zaman lafiya ya dawo, manoman Birnin Gwari sun koma gonakinsu.

Da safe aka maimaita labaran, na zauna na gani da idona. Shi ne. Malfarsa ce, murmushinsa ne, bakinsa yana motsi amma muryar mai karanta labarai ake ji. Ni ma, da girmana, sai da zuciyata ta yarda na ɗan lokaci. Sai na hango shanun huɗarmu biyu a bayansa, ɗaure da amalanke. Waɗannan shanu an sace su tun kafin ’yan bindiga su ɗauke shi. Nan na tuna cewa wata kaka can baya, ’yan talabijin sun taɓa zuwa gonarsa, ya dawo gida yana ba mu labari yana dariya.

Na faɗa wa Inna a hankali. Ta ce shanu ai kama suke yi. Ta ce wataƙila an sake shi ne a wani gari, yana ƙwadago a gonar wani kafin ya sami hanyar gida. Masu talabijin sun san inda suka gan shi, in ban kai ta Kaduna ba za ta tafi ita kaɗai.

Muka bi ayarin motocin da sojoji suke rakawa. Duk tsawon hanyar fuskarta tana taga. Gonaki ne dama da hagu ciyawa ta cinye su, ga ƙauyuka rufi ya rufta, ba kowa. Tana ganin wannan duka, amma ba ta daina leƙen kowace gona ba.

A gidan talabijin ɗin mun daɗe a bakin ƙofa kafin wani magidanci daga sashen labarai ya fito. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai fuskarsa ta canza. Ya shigar da mu wani ɗaki mai sanyi, ya ba Inna kujera, shi ya tsuguna a gabanta. Ya ce ta yi haƙuri, hoton ajiya ne. Sanarwa ce aka aiko musu a rubuce, hanya ba ta biyuwa balle su tura mai ɗaukar hoto, shi ne suka ɗauko tsohon hoton girbi suka ɗora a kai. Ya ce haka ake yi, ba su yi nufin cutar kowa ba.

Inna ta tambaye shi, “Ɗana, ranar da ’yan bindiga suka ɗauke shi, kun faɗa a labarai?”

Ya sunkuyar da kai. Ya ce bai san sun ji ba. Ko da sun ji, a lokacin abin ya yi yawa, sai harin da aka kwashi jama’a da dama yake samun shiga labarai.

“To, ɓatansa ba labari ba ne, sai hotonsa,” in ji ta. Ba da faɗa ta yi maganar ba, kamar mai son ta gane wani abu ne kawai.

Na ɗauka za ta tashi, sai ta roƙe shi ya sake nuna mata. Mutumin ya nemo ainihin abin da aka ɗauka, wanda ba a yanke ba, ya kunna da sauti. Sai ga muryar Baba ta cika ɗakin. Yana cewa bana Alhamdulillahi masara ta yi, in dai an bar su sun yi noma ba sa neman komai a wurin kowa. Ya juya ya daka wa ɗaya daga cikin shanun tsawa, ya yi dariya. Inna ta rufe ido tana saurare. Da ya ƙare ta ce a sake, aka sake. Mutumin nan ya juya mana baya yana goge fuska.

A hanyar dawowa ba ta kalli taga ba. Bayan kwana biyu ta ce in kira liman da dattawan garinmu da suke nan kusa, a yi wa Malam addu’a. Matar gidan ce ta taya ta dafa abincin sadaka. A ranar na fara jin Inna ta ce, “Allah ya jiƙansa.”

Ban riƙe mutumin gidan talabijin ɗin a zuciya ba. Amma tun daga lokacin na gane cewa hoto yana iya zama gaskiya, labarin da aka ɗora masa ya zama ƙarya. Labari na gaske shi ne wanda wani ya taka ya je ya gani, ko kuma ya fito fili ya ce bai je ba. Duk fuskar da aka haska a talabijin uban wani ne ko ɗan wata, kuma wataƙila akwai mai jiransa a gida.